Inna da Zalɓen Tafkin Kara'ana

Labarin rasuwar Inna ya same ni ina kan sitiyari. A makonnin gasar ƙwallon duniya ne, lokacin da Doha ta cika ta batse, ni kuma an ba ni doguwar bas ina jigilar 'yan kallo daga tashar jirgin ƙasa zuwa filin wasa. Waya tana ta rawa a aljihuna, doka kuma ba ta yarda direba ya taɓa ta ba. Mutanen da ke bayana sun shafa fenti a fuska, suna buga ganga suna waƙa da wani yare da ban sani ba. Sai da na sauke su sannan na duba. Matata ce. Da na kira ta ko sallama ba ta yi ba, ta ce, "Inna ta tafi." Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, na sake maimaitawa. Mai kula da layin motoci ya bubbuga gefen bas ɗin ya ce yalla, wato in yi sauri, wasu sun riga sun fara shigowa.

Inna surukata ce, mahaifiyar matata. A Nguru ta rasu, a ɗakinta, bayan zazzaɓi na 'yan kwanaki, aka yi mata sutura kafin la'asar. Babu wanda ya samu zuwa a cikinmu. Asibitin da matata ke aikin nas ya dakatar da hutu sai an gama gasar, ni ma haka abin yake a wurin aikina. Sai muka shimfiɗa tabarmi a falonmu na Ain Khaled muka zauna karɓar gaisuwa.

Na ɗauka mutane kaɗan za su zo, don shekara ɗaya da wasu watanni kawai ta yi a ƙasar nan, mafi yawansu kuma a bayan rufaffiyar ƙofa. Ashe ba haka ba ne. Direbobi 'yan Kano da Katsina suka riƙa zuwa daga Madinat Khalifa da kayan aiki a jikinsu, su yi addu'a a gurguje su koma bakin mota. Maƙwabciyarmu 'yar Sudan ta shigo da babban faranti na abinci, ta zauna kusa da matata ta riƙe hannunta, ba ta cewa komai sai "Hajja, Hajja." Wata nas 'yar Indiya ta kawo furanni, muka rasa inda za mu ajiye su, daga baya muka sa su a jug ɗin ruwa. Sannan mai gadin ginin namu ya hawo, ɗan Zangon Kumasi, ƙato mai faɗin ƙirji wanda ban taɓa ganin ya rasa abin faɗa ba. Ya cire hula ya ɗaga hannu zai ja fatiha, muryarsa ta ƙi fita. Ya koma kan matakala ya zauna. Da na bi shi sai ya kama sunan da yake kiran Inna da shi, ya ce, "Mma ce ta tashe ni tsaye a garin nan. Kai ma ka sani."

Na sani. Amma ɗanmu ba zai sani ba, don bai kai shekara ɗaya da rabi ba ta koma gida. Hotunanta kuwa ba su da yawa, kuma a kowanne ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, tun abubuwan suna nan daram a kaina.

Wankan jego ne ya kawo ta. Matata ce autarta, haihuwar fari ce kuma, Inna ta ce ba za ta bar ta a hannun baƙi ba ko da a bayan teku take. Ta sauka da ƙunshin kanwa da daddawa da busasshen kifi da ta nannaɗe a tsohon zane, ga niyyar ta koma da zarar an yi arba'in. Aka haifi yaro lafiya. Kullum da asuba in fita in tsinko mata ganyen darbejiya a bakin titi, ita kuma ta yi ta tafasa ruwa a butar lantarki tana juyewa a baho, tana mitar cewa ruwan da ba a dafa da itace ba bai shiga ƙashi. Kafin a yi arba'in korona ta iso. Aka rufe filin jirgi, aka rufe masallatai, kamfanin da nake tuƙa wa mota ya ce kowa ya zauna a gida. Matata kuwa hutunta yana ƙarewa aka kira ta, ta koma asibiti tana kwana tana wuni.

Sai ya zama daga ni sai Inna sai jariri, a gida mai ɗaki biyu.

Wanda ya tashi a ƙasarmu ya san nauyin wannan. A gida, suruka in ta hango ka a hanya sai ta sake lungu. Ba ta kama sunanka, ba ta cin abinci a gabanka, kai ma ba ka ɗaga ido ka dube ta. Ga mu nan kuma, banɗaki ɗaya, kicin ɗaya, in na fito falo ta shige ɗaki, in ta fito na koma baranda. Da safe in durƙusa a bakin ƙofarta in ce, "Inna, ina kwana?" ta amsa tana kallon bango. Amma gida ba ya tafiya ba magana, sai ta samo hanya. Kamar kowace kaka, jikanta namiji maigidanta ne, haka take kiransa. Sai ta ɗora shi a cinya ta ce, da ƙarfin da zan ji daga falo, "Maigida, gaya wa babanka iskar gas ta kusa ƙarewa." Ko kuma, "Maigida, tambayi babanka ko a garinsu haka ake sayen albasa, duk ta tsiro." Tun ina jin kunya har na saba, ni ma na fara mayar da amsa ta bakinsa. Yaron da ko wuyansa bai tsaya ba ya zama shi ne masinjan gidan.

'Yar masunta ce, matar masunci. Rayuwarta duka a bakin ruwa ta yi ta, tana banda kifi tana kaiwa kasuwa. Doha ba ta burge ta ba ko kaɗan. Ta leƙa ta taga ta ga dogayen gine-gine ta ce mutanen nan sun gaji da ƙasa ne? Ruwan famfo kuwa, da ta ji daga teku ake tace shi, sai ta ce shi ya sa ba shi da ɗanɗano, an wanke shi har ya mutu. In na sayo kifi ta juya shi ta shinshina ta ce, "Maigida, wannan bai taɓa ganin taɓo ba, ina zai samu daɗi?" Duk da haka ta dafa shi har maƙwabta su ji ƙamshi. Abu ɗaya da ta yi wa kanta shi ne wani tsohon kwano da take cika wa ruwa ta ajiye a baranda. Kurciyoyi da wasu tsuntsaye masu surutu suka gane wurin. Da hantsi za ka same ta zaune a ƙasa tana jan carbi tana kallonsu, tana yi wa mai ƙwace faɗa.

Sau ɗaya muka yi rigima da ita, kuma a kan mai gadin nan ne. Cutar ta kama shi, aka tafi da shi wurin killacewa, ya dawo a rame kamar ba shi ba. Ɗakinsa yana ƙasa, daidai ƙarƙashin barandarmu. Mutanen ginin suka riƙa kewaye ƙofarsa, ba mai ko leƙawa. Inna tana jin tarinsa daga sama. Wata safiya na ga ta zuba kunu a kwano ta ɗauki mayafi.

"Maigida, gaya wa babanka ya buɗe mini ƙofa. Akwai mutum a ƙasa da ba ya cin abinci."

Na ce, "Gaya wa kakarka ba za a buɗe ba. Uwarka tana wahala a asibiti don kada abin nan ya shigo gidan nan. In ta ɗauko, kai za ta fara shafa wa."

"Gaya masa na binne 'ya'ya biyu kafin a haifi matarsa, ba shi zai koya mini tsoron mutuwa ba."

"Gaya mata ita ma tsohuwa ce, ga hawan jini."

Yaron yana kwance tsakaninmu yana wasa da ƙafarsa. Ban buɗe ba. Ta ajiye kunun, ta koma ɗaki, ranar ba ta taɓa abinci ba. Na kai mata har bakin ƙofa, na dawo na same shi a rufe yadda na bar shi. Matata ta dawo a gajiye, ta saurare mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce duk muna da gaskiya, ta faɗi ta yi barci. Washegari da hantsi na ji motsi a baranda. Inna ta kwance igiyar shanya, ta ɗaura a hannun bokiti, ta sa kwanon kunu a ciki tana zurarawa a hankali kamar mai ɗiban ruwa a rijiya. Ta leƙa ta ce, "Ɗan Kumasi, fito ka karɓa." Haka aka yi ta yi har ya warke sarai: kunu da safe, farfesu da yamma, wani lokaci da ɗan ƙullin citta da kanumfari. Shi kuma ya ɗago kai ya ce, "Mma, Allah shi ba ki Aljanna," ita ta ce ya daina surutu ya sha da zafinsa. Daga baya ni nake riƙe igiyar in kwanon ya yi nauyi. Ba mu sake tayar da maganar ba.

Cikin azumin shekarar Baba ya rasu, mijinta. Babban ɗansu ne ya kira ni da safe, matata tana wurin aiki. Ya ce ni ne namiji a kusa, in san yadda zan faɗa mata. Na daɗe tsaye a kicin. Wannan ba saƙon da ake bai wa jariri ba ne. Na je bakin ƙofarta na durƙusa, ba lokacin gaisuwa ba, na ce, "Inna," sai na kasa ƙarasawa. Ta dubi gwiwoyina a ƙasa. Can ta ce, "Yaushe?" Na ce bayan asuba. Ta yi salati, ta jawo yaron ta rungume, ta ce masa, "To, Maigida. Abokin takararka ya bar maka fili."

A wannan ɗan ɗakin ta yi takaba. Ba wanda ya zo ya zauna da ita, don ba a shiga gidan kowa. Gaisuwa duk ta waya aka yi, ta riƙe wayar nesa da kunnenta tana cewa amin, amin. 'Ya'yanta suka ce za su nuna mata kabarin ta bidiyo, ta ce a'a, ba za ta ga makwancinsa a cikin gilashi ba. Ba mu ga hawayenta ba. Abin da muka gani shi ne ta daina mita. Na sayo albasa mai tsiro da gangan, ba ta ce komai ba. Kwanon tsuntsaye ya bushe sai ni nake cikawa. Bayan ta fita takaba jirage sun fara tashi, amma matata ta roƙe ta ta dakata, tafiyar da hatsari ga mai shekarunta, kuma wa zai riƙe yaron? Ta ce to. Aka sabunta mata biza, aka sake sabuntawa. Ta yi ta raguwa a gabanmu kamar sabulu.

Wani abokin aikina ne ya ba ni labarin tafkin. Ya ce in ka bi hanyar Salwa ka yi nisa da gari, wajen Kara'ana, akwai ruwa a tsakiyar sahara, har da kifi da tsuntsaye. Lokacin sanyi ya ja baya, zafi bai kankama ba, 'yan makonnin nan da iskar Qatar take da daɗi. Matata ta samu hutun kwana ɗaya. Ta ce, "Inna, gobe za mu fita shan iska." Inna ta ce mu je mu dawo lafiya. Matata ta ce ai Maigida ya rantse ba ya zuwa sai da amaryarsa. Da haka muka samu ta sa takalmi.

Mun fita da sassafe, da fulas ɗin shayi da dambu da tabarma. Inna tana zaune a baya da yaron, takunkumi a fuskarta, har muka bar gine-gine. An ɗan yi ruwa a watan da ya wuce, sahara ta yi wani tsanwa-tsanwa mara kauri, da ƙananan furanni rawaya a gefen kwalta. Muka wuce raƙuma suna kiwo ba makiyayi. Da muka sauka daga kwalta muka hau burji, sai ga wani ƙaton damo kwance a kan dutse yana shan hantsi. Na taka birki don yaron ya gani. Damon ya ɗaga kai ya dube mu, ya ja kaurin jelarsa ya shige rami ba gaggawa. Na duba madubi ko Inna za ta ce wani abu. Ba ta ce ba.

Ba mu kai ga hango komai ba na ji ta sauke gilashi. Ta janye takunkumin ta shaƙi iska. Ta ce, "Akwai kacalla a nan." Kacalla ita ce doguwar ciyawar nan ta bakin ruwa da ta cika fadamun Nguru. Muka haye wani ɗan tudu, sai ga shi: ruwa shimfiɗe, shuɗi, kewaye da ciyawa mai tsayin mutum, bayansa kuma rairayi har iyakar gani.

Kafin in kashe mota ta buɗe ƙofa. Matar da sai an riƙe ta take sauka matakala, ga ta tana tafiya gabanmu da yaro a kafaɗa. Ta tsaya a bakin ruwan ta daɗe. Ta tambayi 'yarta wane kogi ne ke zuba a nan. Matata ta ce ba kogi ba ne, ruwan da gari ya yi amfani da shi ne ake tacewa a sako nan. Na zaci Inna za ta tsine masa. Sai ta ce, "Tsuntsayen ba su tambaya ba, ni ce zan tambaya?"

Daga nan bakinta ya buɗe. Ta riƙa nuna wa yaron da yatsa. Ga balbela. Ga kazar ruwa can tana shiga ciyawa, dubi yadda take kaɗa jela. Waɗancan agwagin irinsu suna zuwa mana da sanyi, ashe nan ma suna yada zango. Ta ga motsin ruwa ta ce karfasa ce, kuma ba ƙanana ba. Wata gaggafa ta yi ta shawagi a samanmu, ta tsaya cak a iska, ta faɗo ruwan da ƙafafu, ta tashi da kifi yana wutsil-wutsil. Inna ta yi dariya, dariya sosai har da tafa cinya. Matata ta juya baya tana gyara tabarmar da ba ta buƙatar gyara.

Can nesa kuma akwai wasu dogayen tsuntsaye, farare da ruwan hoda, wuya kamar igiya, wasu a tsaye kan ƙafa ɗaya, wasu sun dulmiya kai a ruwa. Waɗannan ba ta san su ba. Ta sa hannu ta kare rana ta yi ta kallo. Ta ce, "Duk ƙafafunsu lalle. Amare ne aka tara." Har muka tashi amare take kiransu.

Mun sha shayi, yaron yana tattaka ƙasa da sababbin ƙafafunsa, sai ta ɗaga hannu ta ce mu yi shiru. Akwai wani fafur-fafur a cikin kacalla, ya tsaya, ya sake. Ta tashi ta bi gefen ruwan, muka bi ta. Zalɓe ne, babba, mai ruwan toka. Zaren kamun kifi da wani ya yar ya nannaɗe masa fiffike da ƙafa ya haɗa da ciyawa. Ya yi ta fama har ya gaji, rabin jikinsa a ruwa, ido kawai yake juyawa.

Inna ta juyo. Ta dube ni, ni kaina, cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun ranar da aka ɗaura mini aure da 'yarta. Ta ce, "Kai. Cire takalminka."

Na tsaya kamar ban ji ba. Ni ɗan birni ne, ruwan da na sani bai wuce na bokiti ba.

"Ba zurfi, na ga ƙasan. Naɗe wando ka shiga. Ungo." Ta zare mayafinta ta miƙo mini. "Ka jefa masa a kai tukuna. Sannan ka kama bakin, bakin za ka fara kamawa, ka ji? Ido yake nema."

Na shiga. Taɓo ya haɗiye ni har gwiwa, sanyi ya hau mini ciki, kowane taku sai na yi kokawa kafin in zaro ƙafa. Tana bakin ruwa tana ba ni umarni kamar yaron jirginta: yi hagu, kada ka taka nan, sunkuya. Na jefa mayafin ya zame, zalɓen ya kawo sara ya wuce ta gefen kunnena. Ta ce, "Sake." Na sake, wannan karon ya rufe shi. Na damƙi bakin ta cikin mayafin, na tsinke ciyawar da ɗaya hannun, na rungumo shi. Duk girman nan nasa ba shi da nauyi, sai bugun zuciyarsa da nake ji a ƙirjina.

Ta zauna a ƙasa ta karɓe shi a cinya. Matata ta ɗauko ɗan almakashin da ba ya barin jakarta, tana yanka zaren, Inna tana warwarewa da yatsu tana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Akwai ƙugiya da ta shige naman fiffiken. Wajen cire ta ya fizge kai ya tsaga mata bayan hannu, jini ya zubo. Matata ta ce, "Inna, bari in ɗaure." Ta ce, "Gama da shi tukuna." Da aka gama ta kai shi bakin ruwa da kanta ta yaye mayafin. Ya yi taga-taga ya tsaya. Ya taka kaɗan cikin ruwan, fiffike ɗaya a saɓule. Muka ja baya muka jira. Bai tashi ba.

Muna tsaye a wurin ta fara magana, kuma da ni take yi. Ta ce Baba haka yake. In tsuntsu ya faɗa tarunsa sai ya ɓata rabin safiya yana warware shi, ya sake shi. Ita kuwa ta yi ta faɗa, ta ce nama ne Allah ya kawo har gida, ga yara, kai kana saki. Ya ce shi kifi ya fito nema. Ta ce wata shekara da ruwa ya ja baya abinci ya yi wuya, ta samu dinya, babbar agwagwar ruwan nan, a tarun kafin ya gani, ta yanka ta dafa. Ya dawo ya buɗe kwano, ya rufe, ya ci tuwonsa gaya. Bai ce mata komai ba, ranar ko bayanta. "Da ya yi faɗa da na manta," in ji ta.

Sannan ta ce, "Ina ne gida daga nan?"

Na duba rana, na nuna mata tsakanin yamma da kudu, can bayan amaren. Ta juya ta fuskanci wurin. Kafaɗunta suka fara rawa. Kukan da ta riƙe kusan shekara ya zo mata a tsaye, da jini a hannu, ba mayafi a kanta. Matata ta rungume ta, su biyu suka durƙushe a kan rairayi. Na ɗauki yaron muka bi gefen tafkin, na yi ta nuna masa agwagi har na daina jin muryarsu.

Da muka dawo an ɗaure hannun, ta wanke fuska, ta yafa zanen goyo. Ta dubi wandona da ya zama taɓo har cinya. Ta ce, "Ba ka iya ruwa ba, amma ka shiga. Allah ya yi maka albarka." Na durƙusa na ce amin. Rana ta fara zafi, yaron ya fara rigima, muka naɗe tabarma. Har na tayar da mota zalɓen yana nan tsaye inda muka bar shi.

Ba zan ce daga ranar komai ya sauya ba. Washegari saƙon gas ta bakin Maigida ya zo, kamar kullum. Amma mita ta dawo, albasa ta sake zama abin magana, kuma in na gaishe ta da safe takan juyo ta amsa. Bayan ƙaramar salla ta ce ya isa, tana so ta ga inda aka sa Baba. Muka raka ta filin jirgi. Ta sumbaci yaron ta ce ta sake shi, ya nemi wata matar. Ta riƙe 'yarta ta daɗe. Ni kuma ta ce mini, "Ka riƙa sa ta tana cin abinci." Daga nan sai waya, ranar Juma'a bayan masallaci, har zuwa ranar da nake cikin bas ɗin nan.

Sai da aka gama gasar, baƙi suka watse, aka sauke tutoci, sannan muka samu hutu muka tafi Nguru. Muka je maƙabarta. Kabarinta bai yi nisa da na Baba ba. Daga nan aka kai ni gaida yayarta, wadda matata ke kira Iya, tsohuwa tukuf da idonta ya kusa tafiya. Tana zaune a tsakar gida da wasu tsofaffi, ƙawayen Inna na wurin banda. Na durƙusa na yi gaisuwa, aka yi addu'a, aka shafa.

Iya ta ce, "Kai ne mijin Auta? Matso. Akwai abin da muke so mu tambaye ka." Ta ce tun da Inna ta dawo ba ta ba su labarin benaye ko jirgin sama ba, labari ɗaya take bayarwa, har sun haddace. Wai akwai tafki a tsakiyar rairayi inda ba kogi ba rafi, da karfasa a ciki, da tsuntsaye masu lalle a ƙafa. Su kuwa suna ce mata ta je ƙasar Larabawa ta koyo ƙari.

Na ce ba ƙari, haka yake, da idona na gani.

"Har da masu lallen?"

"Har da su, Iya. Sun fi yadda ta faɗa yawa."

Tsofaffin suka dubi juna. Ɗaya ta yi dariya tana share ido da gefen zane, ta ce, "Allah sarki, mun ci alhakinta." Iya ta lalubo hannuna ta riƙe. Ta ce, "To zalɓen fa? Ta ce kuna barin wurin ya buɗe fiffike ya tashi, ya bi ta saman motarku ya yi yamma."

Matata ta ɗago ta dube ni. Na tuna shi tsaye a cikin ruwan, fiffike a saɓule.

Na ce, "Ni tuƙi nake yi, Iya, idona yana kan hanya. Ita ce a baya tana waiwaye. In ta ce ya tashi, ya tashi."

Iya ta gyaɗa kai, ta saki hannuna, ta ce a kawo wa baƙo ruwa.

Allah ya jiƙan Inna, ya haɗa ta da Baba a inda ruwa ba ya ja da baya. Wanda ya karanta wannan, ya sa ta a addu'arsa.